Amsa ga Hajiya kan ɗakin da ke warin funfuna

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba yaron lafiya. Kin ce sabon ɗakinku a Aboabo an cire masa lubas, wato tagar nan mai jerin fallayen gilashi, an sa tagar silaidin, an toshe ko'ina don esi, wato na'urar sanyaya ɗaki, ya rage cin wuta, yanzu kuma bango ya yi baƙi, tufafi na wari, yaro na tari, kina tambaya ko a sake fenti. Don Allah ki dakata da fentin. Na daɗe ina gyaran gidaje a zangonnin Kumasi, ban taɓa ganin fenti ya kori danshi ba.

Fara gano inda ruwan ke fitowa. Ki manna leda mai kauri a bangon, ki liƙe gefunanta da salatif, ki bar ta kwana 2. In ruwa ya taru a bayanta, daga ƙasa ko waje yake shigowa, musamman in tabon bai wuce mita 1 ba kuma fenti na kumbura da farin gishiri. Wannan aikin magini ne, a duba gwata da ledar da ake shimfiɗawa a harsashin gini. Kada a liƙa tayil a kai, danshin zai ƙara hawa sama.

In kuwa a fuskar ledar ya taru, iskar ɗakin ce. Esin da ake maƙalawa a bango ba ya shigo da iskar waje ko kaɗan, ta cikin yake juyawa. Numfashin mutum biyar, tururin bayan gida, wankin da ake shanyawa a ɗaki lokacin damina, duk suna nan kulle. Kumasi kuma gari ne mai ruwa, damina biyu a shekara, danshin iska da safe ya kan haura kashi 80, alhali funfuna tana son abin da ya wuce kashi 70. Lubas da muke rainawa kusan duk faɗin tagar yake buɗewa, silaidin rabi kawai.

Ki riƙa buɗe taga da ƙofa tare da hantsi in rana ta fito, a sa fankar zuƙe iska a bayan gida, a janye wadirof daga bango kamar faɗin tafin hannu. Funfunar a wanke ta da sabulu, yaron yana waje.

Abin da ya fi tsorata ni shi ne kurfoti, wato murhun gawayi. Ɗaki a toshe haka, kada gawayi mai wuta ya shiga, ko da ruwa ake tsugawa. Gubarsa ba ta da wari, kuma tana kashe mutum yana barci. Tarin yaron kuwa a kai shi asibiti.