Safiyo, taki da iyakar gona

Wani mai karatu daga Argungu ya tambaya: shin safiyo Hausa ce, kuma mutum ake nufi ko aiki?

Aro ce daga Turanci, amma ta zauna daram, ta ɗauki ma'ana biyu. Ana cewa safiyo ya zo, ana kuma cewa an yi wa fili safiyo, ko hili, yadda mutanen Kabi da Zamfara ke faɗi. Aikin shi ne a auna tsawo da faɗi, a kafa turakun siminti a kusurwoyi, a zana taswirar wurin. Ba na ƙin kalmar, amma ina takaicin yadda ta danne awo, har matasa suna zaton Bahaushe bai san awon ƙasa ba sai da Bature ya zo. Ina aka bar taki? Ba takin zamani ba, takin ƙafa. A zamanin En'e, wato hukumar gargajiya ta lokacin Turawa, akwai malaman taki, masu bin gona suna ƙirga taku domin a yanka haraji. Ga kamu, awon gwiwar hannu zuwa yatsa, ga gaba, awon hannuwa biyu a buɗe. Iyaka kuwa da abu mai rai ake tsayar da ita: a dasa gamba ko jema, a jera bini-da-zugu, ko a ce daga kukar nan zuwa aduwar can. Illar kawai ita ce itace yana faɗuwa, dattijon da ya shaida yana rasuwa, fadama kuma ambaliya tana shafe mata alama. Wannan giɓin safiyo ya cike.

Kuma don Allah a daina kiran taswirar safiyo takardar mallaka. Taswira girman fili da inda yake take nunawa. Tun dokar amfani da ƙasa ta 1978, ƙasar kowace jiha amana ce a hannun gwamna, shi ke sa hannu a shaidar mallaka. Mutane da dama sun shiga kotu riƙe da taswira kaɗai.

Daga Gusau: eka da hekta ɗaya ne?

A'a, kuma sakaci ne a haɗa su. Hekta murabba'in mita 10,000 ce, eka kuwa kusan 4,047. Hekta ɗaya ta kusa eka biyu da rabi. Wanda ya biya kuɗin hekta aka auna masa eka an cuce shi da fiye da rabi.

Wata daga Jega: mene ne burtali?

Hanyar dabbobi da aka bari tsakanin gonaki. Ba gonar kowa ba ce.

Daga Talatar Mafara: wane karin magana ya dace da mai jinkirin auna filin gado?

Ba a fafe gora ranar tafiya. Goran ruwa sai an fafe shi, an jiƙa shi ɗacinsa ya fita, kafin a sha da shi. Filin gado ma a auna shi tun magada na gaisawa.