Amsa: Yadda za a kai allurar tetanas ga matan rugage a Zamfara

Malam, ka tambayi dalilin da matan rugage suke baya a rigakafin tetanas (ciwon da ke sandarar da jiki), ba kamar matan Gusau ba. Ba ƙi suke yi ba, tsarin allurar ne bai dace da mai yawo ba. Sau 5 ake yin ta: ta biyu bayan mako 4, ta uku bayan wata 6, sauran biyun da tazarar shekara ɗaiɗai. Kafin ta uku, an tashi da shanu.

A fara zama da arɗo, shi zai faɗi inda za su sauka da rani. A haɗa fita da ma'aikatan dabbobi, domin ranar allurar shanu kowa yana nan a ruga. A tafi da ma'aikaciya mai jin Fulatanci da ungozomar wurin, don yawancin mazan ba za su bar namiji ya yi wa matansu allura ba. Katin rigakafin ya zauna hannun matar, ta ci gaba duk inda ta sauka.

Ɓarnar da ake yawan yi wajen ɗaukar allurar ita ce jingina kwalbarta da ƙanƙara. Wannan allura in ta daskare ta lalace. A bar ƙanƙarar ta fara narkewa kafin a zuba a akwatin ɗaukar allurar, sanyin ya tsaya tsakanin digiri 2 da 8.