Amsa ga mai tambayar tafkin kifin koi a tsakar gida

Salamu alaikum ɗan'uwa. Na ga tambayarka cewa kana son ku gina ɗan tafkin kifin koi kai da yara a wannan hutun, amma kana shakkar ko zai rayu a zafin Maraɗi. Zai rayu. Namu shekararsa ta huɗu ke nan a unguwar Ali Ɗan Sofo, sai dai mun sha wuya kafin mu gane kansa.

Koi kifin ado ne da aka kyautata irinsa a yankin Niigata na Japan, ƙasar sanyi da dusar ƙanƙara. Ya fi jin daɗin ruwa mai digiri 15 zuwa 25, mu kuwa a Afirilu da Mayu muna wuce 40. Saboda haka duk aikin da za ka yi, da bazara za ka auna shi.

Kada maso ya ce maka rabin mita ya isa. Mu mun haƙa mita ɗaya da rabi, tsawo mita uku, faɗi biyu, don ruwa mai zurfi ba ya saurin ɗaukar zafi. Ƙasarmu yashi ce, tana zubewa, dole sai da bulo da ƙarfe da siminti. Samarina biyu suka yi haƙa bayan la'asar, ƙananan na kwashe ƙasa da bokiti, uwargida kuma ita ta zaɓi wurin: gabas da ɗaki, inda inuwar bango ke sauka da yamma. Na so gindin bedi, ta hana, kuma ta yi gaskiya, ganyensa da 'ya'yansa ruɓewa suke cikin ruwa. Sai muka yi rumfar zana a kai.

Sabon siminti yana sakin wani kaifi da ke ƙona mashaƙar kifi. Mun cika, mun bari mako guda, mun zubar a shuke-shuke, har sau uku. Ruwan pampo ma a bar shi ya kwana biyu a buɗe, maganin da ake sa masa ya fita. Matatar da ke tace mana ruwan tano ce shuɗiya, wato ganga, cike da tsakuwa da soso. Ƙwayoyin halittar da ke cinye dafin kashin kifi suna ɗaukar mako huɗu zuwa shida kafin su zauna a ciki. Mu gargaza muka fara zubawa, sai da suka yi wata biyu lafiya sannan wani abokina ya kawo mini koi bakwai daga Kano.

Abin da har yau nake jin ciwonsa, wani dare ne cikin Mayun farko. Aka ɗauke kuran, injin da ke hura iska cikin ruwan ya tsaya, muna barci. Na fito sallar asuba na tarar da su duka a saman ruwa, baki buɗe suna haƙi. Uku sun riga sun kife, kuma manyan ne, har da mai jan tabo a ka wanda autata ke ba abinci a tafin hannu. Ta yini ba ta ci komi ba. Ruwan zafi ba ya riƙe iska sosai, kuma gab da asuba ta fi ƙaranci. A makon nan na sayi panon hasken rana da batir na haɗa wa injin shi kaɗai. Don Allah ka sayi wannan kafin ka sayi kifin.

Wajen ƙawata shi, mun jera marmara a baki, muka sa bado cikin tukunya da tsakuwa bisa, in ba haka ba tone shi suke. Kainuwa kuwa saiwarta suke cinyewa. Duk Juma'a muna rage kashi ɗaya cikin goma na ruwan, shi muke ba zogale da lemun tsami, ka ga yadda suka yi shar.

In akwai mai rarrafe a gidan, a kewaye da waya mai ƙofa tun kafin a zuba ruwa, wannan ba na jira ba ne. Raga a sama kuma tana tsare zalɓe da mussa. In kun fara haƙa ka turo hoto mu ga zurfin. Allah ya sa albarka.