Amsa ga Yaya kan ciwon ƙafar yaronta

Salamu alaikum ƴan uwa. Yaya, na saurari muryarki, ina bakin aiki ne shi ya sa na yi jinkiri. Kin ce yaron shekararshi 11, wata uku ke nan in ya tashi da asuba sai ya dafa bango kafin ya taka, diddige na ciwo, gwiwa ɗaya ta kumbura, amma kafin ya dawo daga lakwal ya warware har yana buga ƙwallo. Inna kuma ta ce sanyi ne, a kira wanzami.

To wannan warwarewar da rana ita ta tsaya mini a rai. Targaɗe in an huta yake sauƙi. Shi ko wannan kwanciya ke tayar da shi, motsi ke kwantar da shi. Akwai amosanin gaɓɓai na yara mai irin wannan hali, garkuwar jiki ce ke juyowa ta kumbura wurin da jijiya ta kama ƙashi. Ya fi kama maza, daga shekara 6 zuwa sama. Ta diddige da gwiwa da ƙugu yake farawa, ƙashin baya sai daga baya. Kumburin da ya wuce sati 6 ba abin jira ba ne.

Ban ce shi ne ba fa, ban ga yaro da idona ba. A nan Maradi dole a fara tabbatar da cewa ba sikila ba ce, ba kuma tarin fuka na ƙashi ba ne. Ki kai shi babban asibiti wajen likitan yara, a yi analiz ɗin jini. Rediyo, wato hoton ƙashi, kan fito lafiya lau a farkon ciwon, kar wannan ya sa ki saki jiki, IRM, wani hoton na'ura mai nuna cikin jiki dalla-dalla, ita ce ke nuna shi da wuri. In sun ce Yamai, ku tafi.

Magani, da irin su naproxen ko ibuprofen ake farawa, bayan cin abinci, gwargwadon nauyin yaro. In bai ji ba a ƙara sulfasalazine ko methotrexate, shi methotrexate sau ɗaya ne a SATI, ba kullum ba, kuma ana duba hanta. In ya shiga baya akwai allurai irin adalimumab, akwai tsada ƙwarai, kuma sai an tabbatar babu tarin fuka.

Don Allah Yaya, ban da dekisa, wato ƙwayar dexamethasone, ta ƴan tebur. Kwana biyu za ki ga kamar ya warke, sai fuska ta kumbura, tsawo ya tsaya. Ƙaho ma a bari, ni zan kira Inna da kaina. Kar a kwantar da shi, ya ci gaba da motsinshi, ki sa mishi soso mai laushi cikin takalmi.

Af, in ido ya yi ja yana ciwo yana gudun haske, ranar nan za ki kai shi likitan ido, ciwon kan taɓa ido. In kun karɓo takardar analiz ki turo mini hotonta.