Ƙanenka na kiɗa a Kanada, amma miliyan biyun na wane ne?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina sayar da atamfa da shadda a Babbar Kasuwar Yamai. Ƙanena da ke karatu a Montreyal ya shiga ƙungiyar makaɗan jita, su huɗu, suna waƙoƙin rok da Faransanci, ba sa ƙarƙashin wani babban kamfani. Bara na cire miliyan 2 na sefa daga jarina na tura masa suka sayi kayan kiɗa. Yanzu yana neman miliyan 3 su shiga situdiyo. Ya ce wata ƙungiya mai suna Karkwa ta ci babbar kyauta a can, su ma haka za su yi, kuma kasona na nan. In tura?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Kada ka tura ko dala tukuna.

Na karanta saƙonka sau biyu ina neman inda ka ambaci takarda, ban gani ba. Miliyan biyun nan na bara, da wane suna suka fita daga hannunka? Kyauta ce, rance ne, ko ƙiradi da za a raba riba? Kai a ranka jari ka zuba. Shi kuma, ina kyautata zato, yaya ne ya tallafa wa ƙane. Sauran ukun da suke kiɗa tare wataƙila ko sunanka ba su taɓa ji ba. To wa ya yi maka alkawarin kason? Mutum ɗaya cikin huɗu, a kan abin da ba nasa shi kaɗai ba. Alhaji, kai da ba ka barin dillali ya fita da turmi goma sai ka shigar a littafi, yaya miliyan biyu suka tsallaka teku babu layi ɗaya a rubuce?

Tun da ya kawo Karkwa, bari a ba da labarin gaba ɗayansa. Su biyar ne, sun haɗu a Montreyal a 1998. Kundin waƙoƙinsu na farko bai fito ba sai 2003. Kyautar da yake faɗa, Polaris, sun ci ta a 2010 da kundinsu na huɗu, kuma su ne masu waƙa da Faransanci na farko da suka taɓa cin ta. Shekara goma sha biyu ke nan suna jan jiki daga wannan dandali zuwa wancan. Kuɗin kyautar a lokacin dalar Kanada 20,000 ne, wajen miliyan 9 na sefa. Raba wa mutum biyar ka ga abin da ya rage a hannun kowa, ko da ba a cire na manaja ba: bai kai abin da ka riga ka tura ba. Bayan kamar shekara biyu suka dakata, jagoran waƙarsu Louis-Jean Cormier ya kama nasa shi kaɗai, ba su dawo da sabon kundi ba sai 2023. Waɗannan fa su ne suka yi nasara.

Kuma kasuwar ƙarama ce. Mutanen Kebek, lardin Kanada mai jin Faransanci inda Montreal take, ba su wuce miliyan 9 da ɗoriya ba. Abin da ke riƙe makaɗan can shi ne dokar da ta wajabta wa gidajen rediyon Faransanci su sa kashi 65 cikin 100 na waƙoƙinsu da Faransanci, da tallafin hukumomi irin su Musicaction. Sauraro ta intanet kuwa, a ƙiyasin da aka saba yi, sai an saurari waƙa sau miliyan ɗaya kafin ta kawo dalar Amurka dubu uku ko huɗu. Wanda ya ce maka nan da shekara biyu za ka ninka kuɗinka a wannan harka, mafarki yake sayar maka.

Na taɓa shiga sasanta irin wannan a Damagaram. Wani bawan Allah mai sayar da kayan masarufi ya saya wa ɗan 'yar'uwarsa da abokansa kwamfuta, lasifika da na'urar haɗa sauti. Da samarin suka ɓata, kowa ya ɗauki abin da ke ɗakinsa. Muka zauna a zaure bayan Isha'i, na ce ya kawo shaida. Ya shiga gida ya fito da rasit guda ɗaya, ya koɗe, ga sunan ɗaya daga cikin abokan a kai. Ya riƙe shi a hannu yana jujjuyawa, ya kasa magana. Kuɗin bai dawo ba, kuma abin da ya fi ci mini rai, har yau ba ya gaisawa da 'yar'uwarsa. Shi ya sa nake matsa maka. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani kan rubuta bashi take magana, ba ta kuma ce ban da ɗan'uwa ba.

Ka kira shi yau ku fara warware na bara. In kyauta ce, ka furta, ka cire ta daga lissafin shago ka huta. In ba kyauta ba ce, ya turo maka jerin kayan da aka saya, da rasit, da sunan wanda suke hannunsa. Sannan ka tambaye shi wa zai mallaki ainihin naɗin waƙoƙin bayan an gama situdiyo, domin nan kuɗin yake in ma ya zo, kuma kaso nawa ne naka kafin su raba nasu. Su huɗun duka su sa hannu, ba shi kaɗai ba. Ka tambaye shi kuma ko sun nemi tallafin da ake bayarwa a can kafin su waiwayo Yamai.

In ya ce ai abin kunya ne yaya ya nemi takarda wurin ƙanensa, ka ce masa takardar tana kare shi ne ranar da abokansa za su ce jitar tasu ce. In duk da haka zuciyarka ta ƙi bari, ka ba shi daga ribar da za ka iya yafewa. Miliyan ukun nan ka bar su a rumfa, kakar auren bana na tafe, shadda za ta yi tsada.