Ban da waya da dalma, me muke yi da rayuwarmu?

Assalamu alaikum. Ƙanena, tun jiya na ga tambayarka, na bari sai da na samu natsuwa. Ka ce kana koyon gyaran waya a kasuwar waya ta Farm Centre da ke Kano, kuma ko ka koma gida ba ka da aiki sai kwance tsofaffin caja da kallon bidiyon gyara har dare ya raba. Mahaifiyarka ta fara ƙorafin ba a ganinka a sabgar dangi, yarinyar da kake nema ma ta ce hirarka ba ta wuce sikirin da batir. Shi ne kake tambaya ko mu da muka daɗe a harkar muna da wani abin da muke yi don nishaɗi, ko kuwa haka rayuwa take ga duk wanda lantarki ya shiga ransa.

Ni na fara ne a zamanin rediyo mai kaset da talabijin mai doro, a wurin wani maigida a Sabon Gari, kafin wayar salula ta shigo a 2001 ta juya kasuwar baki ɗaya. Yanzu sola da inbata ne aikina. A tsawon wannan lokaci na zauna da masu gyara iri-iri, kuma abin da zan fara gaya maka shi ne, yawancinmu idan muka ce muna da abin sha'awa, aikin shagon ne muka ɗauko muka kawo gida, muka sauya masa suna. Mutum ya wuni yana gyara wa kwastoma amfilifaya, da dare ya zauna yana haɗa tasa. Ka tambaye shi, ya ce hutawa yake yi. Idon da ya wuni yana leƙen fanel, wato allon da aka jera kayan cikin na'ura a kansa, shi ne dai yake leƙe, bayan da ya wuni a sunkuye shi ne dai a sunkuye, kuma mutanen gidan ba su samu ko kalma goma daga bakinsa ba.

Wannan ciwo ba namu ne mu kaɗai ba. Claude Shannon, Ba'amurken da ya nuna a 1937 cewa za a iya yin lissafin "e ko a'a" da makunnan lantarki, wanda a kan wannan tunani aka gina duk kwamfutar da muke taɓawa yau, mutum ne mai son wasa ƙwarai. Ya iya cilla ƙwallaye sama yana cafewa, yana kuma hawan keke mai taya ɗaya a cikin barandar cibiyar bincike ta Bell Labs inda yake aiki. To amma me ya biyo baya? Sai ga shi ya zauna ya ƙera inji mai cilla ƙwallaye, ya kuma fitar da lissafin yadda ake cafewar. Haka halinmu yake. Ka ba mai lantarki kiwon kaji, kafin wata ya zagayo ya haɗa musu na'urar ƙyanƙyasa da fitilar da ke kunna kanta, ya manta da kajin.

Shi ya sa ma'aunin da nake amfani da shi guda ɗaya ne: abin da za ka yi don hutu ya kasance ba a gyara shi da sukudireba. Ya zama abu mai rai, ko dabba, ko shuka, ko mutane. Dalili kuwa, aikinmu yana koya mana wata ɗabi'a ba tare da mun lura ba. Kowace matsala a wurinmu tana da wuri guda da ta maƙale. Ka sa mita, ka bi layi, ka gano kafasitar da ta kumbura, ka cire, ka sa sabuwa, shi ke nan. Wanda ya shekara ashirin yana wannan, sai ya fara ɗauka cewa matarsa ma idan ta yi fushi akwai abu guda da za a canza ta dawo daidai, kuma yau ɗin nan. Abu mai rai yana tilasta maka jira, kuma sau da yawa ka yi komai daidai amma bai ba ka abin da kake so ba.

Ni nawa kiwon tantabara ne, kuma a nan zan ɗan tsawaita domin shi na fi sani. Akurkina a bayan gida yake, na katako da raga, na ɗaga shi daga ƙasa saboda ɓera da kyanwa. Da na dawo daga sallar asuba nake watsa musu dawa da gero, in sauya ruwa, in tsaya ina kallonsu kafin in yi shirin fita. Tantabara ƙwai biyu take yi, ta kwanta a kai kwana 18 ko kusa da haka. Abin da ya fi burge ni shi ne rabon aikin: namijin ne ke kwanciya a kan ƙwan da rana, macen ta karɓa daga yamma har wayewar gari. Idan 'yan shila suka fito, uwa da uba duka suna ba su wani abu mai kauri kamar madara da ke fitowa daga maƙoshinsu, kafin su fara ɗura musu tsaba. Cikin wata guda ɗan shila ya yi gashi ya isa fita. Ba wani abin da zan yi in gaggauta wannan. Ba waya, ba fis, ba abin da zan auna. Idan ƙwai ya yi bara-gurbi, ya yi ke nan, sai a jira wani zubin.

Akwai wahalarsa, kada in yi maka daɗin baki. Lokacin hunturu akan samu ciwon da ke murɗe musu wuya, idan ya shiga akurki sai ya yi ɓarna kafin ya fita, don haka duk wadda na sayo sabuwa sai na ware ta na ɗan lokaci kafin in haɗa ta da sauran. Shaho yana ɗaukar rabonsa. Ƙurar kashinsu idan ya bushe tana cutar da huhu, sai ka yayyafa ruwa kafin shara, kuma kada ka kuskura ka ajiye akurki kusa da inda kake buɗe na'ura. Amma ribar da na samu ba a kuɗi take ba. Na samu abokai da ba ruwansu da lantarki: tela, direban tirela, wani tsohon malamin firamare. Idan muka haɗu, ba mai miƙo min waya ya ce duba min wannan. Yarana kuma sun samu abin da muke yi tare. Ƙaramar 'yata ta fi ni sanin wacce ce matar wanne.

Tunda na ambaci tantabara, dole in ambaci Nikola Tesla, wanda wutar lantarki mai kai-komo (AC) da ke shigowa gidajenmu take ɗauke da aikinsa. Shi ma mai son tantabara ne na gaske. A New York yakan fita ya ciyar da su a filin shaƙatawa, ya ɗauko masu rauni ya kai ɗakinsa na otal ya yi jinyarsu. Samari masu harkarmu suna son labarinsa, suna sa hotonsa a waya. Ni kuwa idan na tuna shi tausayi yake ba ni. Bai taɓa aure ba, ya rasu shi kaɗai a ɗakin otal a Janairun 1943. Abin sha'awa ma yana iya zama maɓoya, mutum ya gudu daga jama'a zuwa fanel, ya kuma gudu daga fanel zuwa tsuntsu, bai dai koma wurin jama'ar ba. Don haka idan ka zaɓi wani abu, ka duba ko yana kai ka cikin mutane ko yana ƙara raba ka da su.

Sauran abokan sana'a kowa da inda ya karkata. Akwai wani mai naɗin taransifoma da muka yi maƙwabtaka a shago, shi noman rani ne ya ɗauke masa hankali. Yana da 'yar gona a wajen Kadawa, inda ruwan madatsar Tiga ke bi, duk ƙarshen mako yana can. A 2016 da tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta cinye tumatir a Kano da Kaduna, ba abin da ya tsira da shi. Na zaci ya haƙura ke nan, sai ga shi da kaka ya koma, ya raba gonar, rabi albasa rabi tumatir. Wani kuma turkar rago yake yi, ya je Wudil ranar Juma'a ya sayo ƙanana, ya yi ta ɗawainiya da su har babbar sallah. Akwai 'yan ƙwallo, waɗanda har yau idan aka taɓo shekarun da Kano Pillars ta ɗauki kofin gasar ƙasa sau uku a jere, 2012 zuwa 2014, sai an tashe su da ƙyar. Akwai masu zuwa kallon dambe a Ado Bayero Square, su dawo shago washegari ana ta gardamar ɓangarorin damben, Kudu da Arewa da Guramada. Akwai masu dara a gindin bishiya. Waɗanda na fi ganin natsuwa a tare da su kuwa su ne masu makarantar dare, da suka ɗauki littafi a gaban malami tsakanin magariba da isha, ko suka koma hadda bayan sun girma.

Gidan kallo ban hana ka ba, amma ni ban lissafa shi cikakken hutu ga mai gyaran waya. Ka wuni kana kallon sikirin ƙarami, ka je ka zauna gaban babba. Idan ƙwallo kake so, ka nemi filin unguwa ka buga, ko ka je filin wasa na Sani Abacha ka yi ihu da bakinka.

Akwai ɓangaren lafiya da samari ba sa son ji. Idon mai wannan aiki yana biyan bashi. Daga shekara 40 zuwa sama yawancin mutane sukan fara kasa ganin abu na kusa sosai, kuma mu da abincinmu ke kan ƙafar ai-si, 'yar ƙaramar ƙwaƙwalwar na'ura, mu muka fi saurin lura. Wannan ba makawa, tabarau ne maganinsa, amma gajiyar ido da ciwon wuya da na baya da ake kwasa tun ana saurayi, rashin tashi daga benci ne ke kawo su. Hayaƙin da ke tashi idan kana narka dalma, na man da ke cikinta ne, kuma yawan shaƙarsa yana jawo ciwon ƙirji har da asma. Ita kanta dalmar ta hannu take shiga jiki, ka taɓa ta ka ci abinci ba ka wanke da sabulu ba. Wannan shi ne babban dalilin da ya sa na hana kaina aiki a cikin gida. Yara masu rarrafe komai suka tsinta baki suke kaiwa, kuma gubar dalma ta fi yi wa yaro illa fiye da babba. Abin da ya faru a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara a 2010, inda yara kimanin 400 suka rasu saboda ana daka dutsen zinariya mai dalma a cikin gidaje, ya fi namu girma nesa ba kusa ba, amma guba ɗaya ce. Idan ka yi aure, kayan aiki su kwana a shago.

Batun Hajiya mahaifiyarka kuwa, tana da gaskiya, kuma nata ya fi na budurwar sauƙin gyara. Zumunci a ƙafa yake. Mu masu gyara muna da wata dabara da muke yaudarar kanmu da ita: dangi su kawo waya mu gyara kyauta, sai mu ɗauka mun sauke haƙƙin zumunci. Gwaggonka da ka canza wa bakin caji ba za ta lissafa maka shi a matsayin gaisuwa ba. Ka ware yammacin Juma'a, ka je gida ɗaya ko biyu, ka zauna ka sha ruwa, ka bar mita a shago. Suna, ɗaurin aure, jana'iza, waɗannan ba a aika wakili. Kwastoman da ya zo ya tarar ka tafi jana'iza zai dawo gobe, ba wanda ya taɓa rasa kasuwa a kan wannan.

Ita kuma yarinyar, ba cewa take ka bar sana'arka ba, da ita za ka riƙe ta. Abin da take nufi shi ne ba ka tambayarta komai. Mutumin da ya iya sauraron kwastoma yana bayanin yadda wayarsa ta faɗa ruwa, ya iya sauraron mace tana ba shi labarin makarantarsu. Ka sa wayarka a aljihu idan ka je zance. Kuma ka sani, ana yi wa masu sana'armu wata tsiya da ke da ƙamshin gaskiya, wai fankar gidan mai gyara ita ce ta ƙarshe da ake gyarawa a unguwa. Tun yanzu ka saba da fara duba ta ɗakin Hajiya.

Kada ka ɗauka ina cewa ka rage himma. Shekarun koyo shekarun naci ne, kuma wanda bai taɓa kwana yana bin layin da ya ƙi ba shi wuta ba, ba zai ƙware ba. Ka ci gaba da kwance-kwancenka, amma ka yanka masa lokaci, kuma ka bar rana guda a mako da ba ka taɓa shi.

Idan tantabarar ce ta kwanta maka, ka fara da mace da namiji guda kawai, na gida masu araha, ka bar masu tsada sai ka san hannunka. Ka kulle su a akurki har sai sun yi ƙwai kafin ka sake su, in ba haka ba gidan da suka fito za su koma. Ka kuma yi magana da maƙwabtanka tun farko, musamman idan akwai mai kiwonsu a layin, domin tantabara tana sauya gida, kuma na ga an yi shekara ba a gaisawa a kan guda ɗaya. Idan ta wani ta faɗo akurkinka, ka mayar masa a ranar.