An ce saiwar haƙorina ta yi kauri a hoto: ciwon daji ne?

Tambaya: Likita, an ɗauki hoton haƙorana, aka ce saiwar turmina na ƙasa ta yi kauri kamar kan taɓarya. Ba ya min ciwo, amma hankalina ya tashi, ina tsoron ciwon daji. Wani mai cire haƙori ya ce in zo ya fizge shi in huta.

Amsa: Malama, ki kwantar da hankalinki. Abin da kika kwatanta ya fi kama da taruwar simentum, ɓawon nan da ke lulluɓe saiwa, wanda kan yi ta ƙaruwa can wajen ƙarshenta. Akan gan shi a haƙorin da abokin taunarsa ya fita, ko wanda gindinsa ya daɗe da kumburi. Ba daji ba ne.

Hoton ne ke raba gardama. Muna neman siririn baƙin layi da ya zagaye kaurin, da farin layin ƙashi a bayansa. In suna nan lafiya, haƙorin kuma da ransa, ba a taɓa shi. In kuwa dunƙule ne manne da saiwa, ya ci wani sashenta, ga ciwo, sai mu yi zargin wani ƙari da ake kira simentobilastoma (shi ma ba daji ba ne), mu nemi hoton CBCT, wanda ke nuna haƙori da ƙashi ta kowane ɓangare. In haƙora da yawa ne, akan gwada jini saboda cutar ƙashi ta Paget.

To, mai fizga. Wannan magana ta "cire haƙori ba ya buƙatar hoto" ta ishe ni, kullum sai na ji ta. Saiwar da ƙarshenta ya fi bakin raminta faɗi, ta ina za ta fito? Mutum ya kama da filaya yana ja, bai san abin da ke ƙarƙashin dasashi ba. Saiwa ta karye a ciki, ko ƙashin muƙamuƙi ya tsage, sai a kawo mana mara lafiya baki a kumbure, wai haƙorin ne mai taurin kai. Wasu kuma hasken hoton suke gudu, alhali abin da ƙaramin hoto ɗaya ke sa wa jiki bai kai na kwana biyu da muke sha daga muhalli ba. Suna tsoron hoto, ba sa tsoron filayar ɗan dagaji!

In wata rana cirewa ta zama dole, aikin tiyata ne: a rage ƙashi kaɗan, a raba saiwoyin, a fitar da su ɗaya bayan ɗaya. Ki ajiye hoton nan, ki nuna wa duk likitan da zai taɓa haƙorin.